Wayar Da Ta Bi Katanga

Tsigi,

Tela ce take rubuta mini wannan, maƙwabciyata ta tsallaken titi, wadda ta rage maka tsawon wando lokacin da ka zo rasuwar Maigida. Na ce ta rubuta yadda ya fito daga bakina, kada ta sa masa gishiri. In ka ga wata magana ta yi laushi, tata ce.

Ina gaishe ka. Ina fata kana lafiya a can wajen madatsar ruwan naku da salula ba ta kamawa. Ni dai ga ni nan. Gwiwa tana yadda ka san ta. Kunnen hagu ya yi ritaya. Kafaɗar da na faɗi a kanta ta warke, sai dai ba ta ɗaga bokiti. Kaji lafiya lau, sun fi ni.

Kwalinka ya iso: fitilu goma masu tsini a gindi, naɗin baƙar waya, da ɗan akwatin nan mai nauyi da ka ce a jona a soket ɗin baranda. Mai Famfo na sa ya yi aikin. Na san ba fanninsa ba ne, amma kai ka rubuta a jikin kwalin cewa wutar ba ta kisa, shi kuma yana da shebur da haƙuri. Ya haƙa, ya binne, ya kafa fitilu, ya shanye mini shayi.

Kai jikan yayana ne, amma a gidan nan ka yi rarrafe, don haka ka san nauyin abin da zan faɗa. Tun da na faɗi a lambu gwaggonka Malama ta sa ni a gaba. 'Yata ce, ni na haife ta, amma tun da suka ba ta shugabancin makaranta kowa ɗalibi ne a wajenta. So take ta ɗauke ni ta kai ni gidanta a bene hawa huɗu, inda taga ba ta buɗuwa sai rabi, babu ƙasa ko cikin cokali. Mun yi ta ja har muka tsaya a kan magana ɗaya. Za ta zo in an yi hutun makaranta. In ta tarar hanyata daga baranda zuwa akurkin kaji da haske, zan zauna a gidana. In ba haka ba, in naɗe tabarmata, gida a sa shi a kasuwa. Kaji kuwa ba sa rufe kansu, kuma ba sa shiga sai duhu ya fara. Dole in je ƙarshen lambu kullum da magariba.

To ga abin da ka aiko. Ukun da ke kusa da baranda, ana iya zura zare a allura a gindinsu. Na tsakiya kamar masu gyangyaɗi. Na can ƙarshe kamar guntun sigari. Ta wajen akurki ma ban san tana nan ba sai da ƙafata ta buge ta.

Haka ake yi, angon banza? Ka aiko wa amarya fitila mai rabin rai? Ka gaya mini abin da za a yi tun Malama ba ta zo ba. Kada ka cika ni da yaren aikinku, ka faɗa yadda Mai Famfo zai gane.

Kakarka

* * *

Kaka,

Na gaishe ki da kyau, da fatan gwiwa ta yi sauƙi. Takardarki ta zo da motar da ke kawo mana kayan abinci, na karanta ta a tsaye ko safar hannu ban cire ba. Ni lafiya ƙalau, aiki ne dai ya yi mana yawa. A gaishe mini da Tela, wandon nan har yanzu shi ne na fita unguwa.

Amarya, ba mai rabin rai na aiko ba. Bari in yi bayani da yaren Mai Famfo. Wutar nan kamar ruwa ce a tiyo. In tiyo ya yi tsawo, ga shi siriri, ruwan da zai fito a bakinsa sai ya koma ɗigo. Wutar gida tana da ƙarfi, ko ta yi asara a hanya ba a ganewa. Wannan kuwa akwatin nan ya rage ta zuwa volt sha biyu don kada ta yi wa kowa illa. In ta zubar da biyu ko uku a hanya, fitilar ƙarshe ce za ta ji a jikinta.

Amma na san da haka tun kafin in saya, shi ya sa na zaɓi waya mai kauri. Kuma na san lambun nan kamar tafin hannuna. Hanyar daɓe ce miƙaƙƙiya daga baranda, ta wuce gindin lemo, ta dire a ƙofar akurki. Sau nawa na yi gudu a kanta kina bi na da takalmi? Na yi lissafin tsawonta, na ƙara saura mai yawa. A kan wannan tsawon, da wannan waya, ido ba zai bambanta fitilar ƙarshe da ta farko ba.

Don haka abu biyu. Mai Famfo ya duba inda ya haɗa kowace fitila da waya, ko wani wuri ya yi sako-sako, ko ruwa ya shiga. Sannan ki roƙi Tela ta tsaya wata rana har magariba, ta duba fitilun da idonta, ta rubuto mini abin da ta gani.

Kada ki ji haushi, Kaka. Kin ce ba ki san ta ƙarshe tana nan ba sai da ƙafarki ta buge ta. Na yi ta komawa kan wannan layin. Ko guntun sigari ai ana hango shi a duhu. Yaushe rabonki da likitan ido?

Jikanki,
Tsigi

* * *

Kaka,

Gaisuwa da fatan alheri. Mota ta zo ta koma, ta sake zuwa ta koma, ba takardarki. Direba har ya fara yi mini dariya, wai budurwa ta yashe ni.

Ban sani ba ko fushi kike yi, ko kin sake faɗuwa. Hankalina ya ƙi kwanciya. Ranar da muka fita gari sayen kaya salula ta kama, na kira ki ba ki ɗauka ba. Sai na kira Gwaggo Malama. Lafiyarki kawai na yi niyyar tambaya. Amma kin san ta, tambaya ɗaya a bakinta sai ta haifi goma. Ta ce yaya fitilu, na ce kin ce na ƙarshe ba haske. Ta ce laifin kayan ne? Na ce a lissafina bai kamata ba. Sai ta ce to ta gane.

Ban ce idonki ne ba. Wallahi ban furta ba. Amma gara ki ji daga wajena cewa mun yi magana.

Tsigi

* * *

Tsigi,

Tela ce dai. Ta dawo. 'Yarta ce ta haihu ta je ta zauna da ita, shi ya sa ka ji shiru. Takardunka biyu suna ƙarƙashin matashi ina jiran mai karanta mini. Ka san ban iya karatu ba, ka manta ne. Salula kuwa in tana ɓangaren kunnen hagu, ko fashewa za ta yi ba zan ji ba.

Lafiyata lau, tunda ka tambaya, ka kuma tambayi duniya.

Takardarka ta biyu, aikinta ya riga karatunta. Malama ta kira Mai Famfo, ya kawo mini salularsa har baranda, ta cika mini kunnen da ya rage. Ta karɓo mini ranar ganin likitan ido. Ta ce ranar da aka rufe makaranta za ta kamo hanya, in fara ware kayan da zan ɗauka. Shekaranjiya kuma wani dillalin gidaje ya shigo da abin awo, yana auna mini ɗakin Maigida, yana ƙwanƙwasa bango kamar mai sayen kankana. Na ce wa ya aiko ka? Ya ce Malama ce ta ce ya duba kawai. Na ce to duba ƙofa, ga ta can.

Ka ce ba ka furta ba. Wanda ya buɗe wa akuya rumbu ai ba sai ya ce mata bismilla ba.

Jiya Tela ta tsaya har magariba. Ga abin da ta gani, ta rubuta da kanta, ba zan sa baki ba.

Tsigi, ni ce Tela. Gaskiyar Kaka ce. Na farko suna haske sosai, daga nan suna raguwa suna raguwa, biyun ƙarshe dishi-dishi suke, har ƙiftawa suke yi. Na sa tabarau na cire, duk ɗaya.

Ka ji? Mai ido huɗu ce ta gani.

Mai Famfo ya tono mahaɗan duka, ya ce ba sako-sako, ba ruwa. Ya ce ko inda ya ƙara waya ma ya naɗe shi da tef tam. Don taka ba ta kai ba, a tsakiya ta ƙare, sai da ya je shago ya sayo wata ya ƙarasa. Ga sauran da ka ce ka ƙara mai yawa.

Yanzu ka gyara abin da ka ɓata. Hutu ya matso.

Kakarka, in har yanzu kana so

* * *

Kaka,

Na gaishe ki. Alhamdu lillahi da kina lafiya. Na yi kuskure da na kira Gwaggo ban jira ba, ki yafe mini. Tela na gode, Allah ya raya jariri.

Amma tsaya. Waya ta ƙare a tsakiya? Wayar da na aiko za ta je akurki har ta fara dawowa. Ba yadda za a yi ta ƙare a kan hanyar daɓe, sai in lambun ne ya ƙara girma bayan tafiyata. Kuma wace iri Mai Famfo ya sayo? In siririyar nan ce ta ƙararrawar ƙofa, to mun kama ɓarawon. An ɗauki dogon tiyo an jona masa bututun biro a ƙarshe.

Don Allah ta ina aka bi da wayar? Tela ta zana mini ko yaya ne.

Kada ma mu jira amsa, lokaci ya ƙure. Ga mafi sauƙi. Duk inda Mai Famfo ya zagaya da ita, ya tone ta. Ya cire siririyar ya ajiye gefe. Ya shimfiɗa tawa a gefen hanyar daɓe, miƙe daga baranda zuwa akurki, ya jera fitilun goma a kanta. Aikin safiya ɗaya ne. Gwaggo za ta zo ta tarar da hanya fes kamar filin jirgi, ta rasa ta cewa, dillali ya nemi wani gidan. Ni kuma in na samu fita gari zan kira ta in gaya mata laifin waya ne, ba na kowa ba.

Tsigi

* * *

Tsigi,

Tela ce ke rubutawa. Na sa ta rufe ƙofa, na kuma sa ta rantse. Gaisuwa. Gwiwa ba sauƙi, ka daina tambaya.

Mai Famfo ya ce e, ta ƙararrawa ce, mai shago ne ya ce masa waya waya ce. Ya ji kunya, ya ce gobe zai zo da shebur ya yi yadda ka ce. Na ce ya dakata.

Ba zane za a yi maka ba, da baki zan faɗa. Daga baranda wayar ta yi dama, ta kama katanga, ta bi ta har sito inda injin ruwa yake, ta wuce ta kai kusurwa, ta karya kwana, ta bi katangar baya har akurki. Ba Mai Famfo ne ya zaɓa ba. Ni na ce ya bi nan, na ce masa saboda saiwar lemo. Ya yarda don ba ya son musu.

Hanyar daɓen da kake gudu a kanta, na bar ta tun Maigida na da rai. Saiwar lemo ta ɗaɗɗaga ta, wannan gaskiya ne, amma ba shi ne dalili ba. A tsakiyar lambu babu abin dafawa. Ranar da na faɗi, hadari ne ya taso, na ce bari in yanke in bi ta can. Ka ga abin da yankewa ta yi mini. Kullum katanga nake bi, hannun dama a jikinta in za ni, na hagu in zan dawo. Na san duk wata tsaga da ke jikinta.

Idon hagu kamar ana kallo ta cikin ruwan wanki. Na dama yana aiki da rana, da magariba sai ya shiga yajin aiki. An daɗe a haka. Ka tambaya, ga amsa. Wayarku tana da laifi, idona yana da nasa, kowa ya ɗauki kayansa.

Na juya shawararka gaba da baya. In aka haska hanyar daɓe, Malama za ta gani ta koma, gida ya tsira. Ni kuma in ci gaba da lalube a gefen katanga cikin duhu, fitilu goma suna haska wa ƙadangaru hanya. Ko kuma in bi hasken in karya ƙugu. Ban kai waɗannan shekaru don in yi wa 'yar cikina wasan kwaikwayo ba. Kuma ban sa mutum ya haƙa rami don a haska inda ba na bi ba.

Katanga nake so a haska. In akwai dabara, faɗe ta. In babu, ka ce babu, in fara naɗe tabarma.

Maganar ido kuwa tawa ce. In Malama ta ji ta daga bakinka kafin nawa, ka nemi wata kakar.

Kaka

* * *

Kaka,

Na gaishe ki. Ban tambayi gwiwa ba.

Na daɗe zaune da takardarki a hannu. Lambun da nake tunawa na auna, ban tambayi wanda kike ciki ba. Mu bar wannan, ga aiki.

Akwai dabara, kuma ke kika tuna mini ita da kika ambaci sito. Injin ruwa yana da soket, ko ba haka ba? Sito kuma kusan tsakiyar tafiyar yake. To Mai Famfo ya cire akwatin daga baranda ya kai shi sito, ya rataye shi a bango sama da inda ruwa zai iya kaiwa. Daga nan waya ta fita hannu biyu. Ɗaya ya koma baranda da fitilu biyar, ɗaya ya nufi akurki da biyar. Maimakon doguwar tafiya ɗaya, gajeru biyu ke nan. Ki ce masa kamar a kafa tanki ne a tsakiyar unguwa maimakon a bakin gari, zai gane.

Hannun baranda ba sai an tone shi ba, wayata ce a wurin, a shigar da bakinta sito kawai. Hannun akurki shi ne aiki. A fitar da ta ƙararrawar nan duka, ko taƙi ɗaya kada a bari. Na ba direba naɗin waya mai kauri irin ta farko zai ajiye a shagon Tela, tare da ƙananan mahaɗai masu maiƙo a ciki. Da su za a haɗa, ba da tef ba, tef damina ɗaya yake yi. Ya kashe soket kafin ya taɓa komai. Wutar fitilun ba ta kisa, amma ta soket tana yi. A binne wayar zurfin da fartanya ba za ta same ta ba, kuma kafin ya mayar da ƙasa ya kunna da magariba ku gani. Ya karkata kawunan fitilun su kalli ƙasa da katanga, kada su haske miki fuska. Ido mai hazo ya fi shan wuya in haske ya doke shi kai tsaye.

Ba zan kira Gwaggo ba. Amma in ita ta same ni ta tambaye ni, ba zan yi mata ƙarya ba, Kaka. Ki riga ni. Kuma abin da kika kwatanta, akwai abokin aikina da aka yi wa mahaifinsa aikin irinsa, yanzu tsohon har keke yake hawa. Ban ce irinsa ne naki ba, likita ne zai ce.

Ko kin kore ni, ba ni da wata kakar da ta rage.

Tsigi

* * *

Tsigi,

Tela ce, kuma ta ce a gaya maka bironta ya kusa ƙarewa a kan rigimar gidanmu. Gaisuwa. Ina lafiya. An yi ruwa, lemo ya yi fure.

Wayarka ta iso a makare, Malama ta iso da wuri. Motarta ta tsaya a ƙofa Mai Famfo yana tsugune a bakin rami, lambu kamar an yi yaƙi. Ta shigo da kwalaye a ninke a hammata, na zuba kayana. Ko zama ba ta yi ba ta ce, "Inna, wannan ne hasken?" Na ce rana ba ta faɗi ba tukuna, alƙali ba ya yanke hukunci shaida na hanya. Ta ce, "Ni ba musu na zo yi ba." Na ce to zauna ki sha ruwa, ki bar mutum ya yi aikinsa.

Haka muka wuni. Tana ɗaki tana buɗe durowa tana rufewa, ina baranda ina jin ta da kunne ɗaya. Na buɗe baki in gaya mata maganar ido, na rufe. Na sake buɗewa, na sake rufewa. Mai Famfo yana ta fama da mahaɗan nan naka, ɗaya ta faɗa cikin laka ya yi ta lalube yana salati.

Magariba ta yi, kaji suka fara taruwa. Ya shiga sito ya kunna. Tela ta ce, "Kai!" Na ce mene ne, faɗa mini. Ta ce duka goman ɗaya suke, ta akurki kamar ta baranda. Ni ma na ga nawa gwargwado, tabo-tabo na haske a jere har kusurwa, sun karya kwana sun tafi.

Malama ta fito ta tsaya. Ta ce, "To me ya sa suka bi katanga? Ga hanya a tsakiya." Mai Famfo ya ce, "Saiwar lemo ce, Malama." Ta sauka daga baranda ta nufi fitilar farko, sai na ji takalminta ya tsaya.

Kai ka ce su kalli katanga. To sun kalla. Ashe akwai wani layi a jikin farin fenti, daidai tsayin ƙuguna, baƙi-baƙi, sumul kamar an goga mai, tun daga baranda har inda ido ya kai. Tela ta ce da rana ba ya fita sosai, ko kuma ba wanda ya kula. Hasken da ke tasowa daga ƙasa ne ya fito da shi. Ni ban san da shi ba. Ta ina zan sani?

Malama ta ce, "Inna, wannan fa?" Na ce hannuna ne. Ta ce, "Tun yaushe?" Na ce tun ubanki na da rai, shi ma bai sani ba. Na gaya mata na ruwan wanki, na gaya mata mai yajin aiki. Na ce ga shi kin ji daga bakina, kada ki je kina tuhumar ɗan mutane.

Na jira ihu. Ba ta yi ba. Ta ɗora hannunta a kan layin, sai da ta ɗan sunkuya don ta fi ni tsawo, ta bi shi. Ta wuce sito, ta karya kwana, ina jin takalminta. Ita ta rufe kaji. Ba ta iya sakatar ba, sai da na ɗaga murya daga nan na ce ɗagawa ake yi kafin a tura. Ta dawo da ɗaya hannun a kan layin. Ta zauna a bakin baranda.

Can ta ce, "Ko wuri ɗaya layin bai yanke ba." Na ce ina zai yanke, katanga ba ta zuwa hutu.

Ta ce, "Sharaɗi ya cika, hanyarki da haske. Amma ni ma ina da nawa." Muka yi ciniki kamar a kasuwa. Ga inda aka tsaya. Zan bi ta in ga likita. In ya ce aiki, a yi, in zauna a benenta har ranar da shi ya ce in tafi, ba ranar da ita ta ce ba. Makullin gida yana wuyana, ba ya shiga jakarta. Kwalayenta za su koma a ninke yadda suka zo. Mai Famfo zai kafa bututun ƙarfe a jikin katanga don dafawa. Ya tambayi tsayin da za a sa, Malama ta ce ba sai an auna ba, an riga an zana masa. Bututu dai aikinsa ne, ba zai sayo na ƙararrawa ba.

Gobe za mu tafi. Kada ka rubuto mini can, ka aiko wa Tela ta ajiye. Ba na son a karanta mini takarda da muryar shugabar makaranta.

Saura wa ke bin wa. Mai Famfo zai mayar wa Tela baronta da ya ara, ya rufe ramin da ya rage kafin wani ya faɗa. Wayar ƙararrawa tasa ce, ya kai wa mai shagon da ya ce waya waya ce. Tela za ta riƙa rufe kaji, ƙwai nata ne har in dawo, bayan na dawo rabi. Malama ce za ta kira dillali ta sallame shi, ita ta gayyato shi. Kai ba ka bin ta komai, ita ma ba ta bin ka. Ni ina bin ka zuwa. In ka samu hutu ka zo ka bi katangar nan da ƙafarka daga baranda har akurki, ka san lambun da ake ciki yanzu.

Mai Famfo ya ce in ya gama kafa ƙarfe zai shafe layin da fenti. Na ce hannun da ya taɓa shi ya shiga uku. A bar shi sai na dawo. Kowa ya gan shi sai mai shi.

Kakarka